Mutum Ɗaya Ke Bin Hanyar

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Ofishin Kula da Bututun Iskar Gas,
Reshen Kan Iyaka.

Daga:
Tsohon kafinta, gida na ƙarshe kafin shingen waya, daura da turke mai lamba 62.

Kwanan wata: 9 ga Yuni.

Game da: Hanyar ƙafa da aka toshe a turke na 62.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ban girma. Da hannuna na rubuta wannan. Aji uku na yi, a yi haƙuri da rubutun. Shekarata saba'in da huɗu, ban taɓa kai ƙarar kowa ba.

1. Ranar 3 ga Fabrairu ma'aikacinku ya zo ƙofar gidana da littafi. Ya ce za a ja shinge a kan bututun da ke kai gas ƙasar maƙwabta, ana duba hanyoyin da za a bar wa ƙofa. Ya tambaye ni mutum nawa ke bin wadda ke bayan gidana. Na ce ni kaɗai. Ya rubuta, ya sha ruwa, ya tafi.

2. Ranar 20 ga Maris aka ja waya, babu ƙofa. Ranar 2 ga Afrilu na zo ofishinku, na zauna a benci tun safe har la'asar. Akawunku ya ce hanyar da masu binta ba su kai goma ba, ba a yi mata ƙofa. Ya yi dariya, ya ce da na ce ashirin, wa zai ƙirga? Na tashi na dawo gida. Shekara hamsin ban yi wa kowa ƙarya a kan katako ba, ba zan fara a kan hanya ba.

3. Ba wanda ya tambayi me ya sa ni kaɗai. Da mu goma sha ɗaya ne. Matata ta rasu. 'Ya'ya suna birni. Sauran an binne su, da yawansu ni na riƙe makara.

4. A ƙarshen hanyar nan yayana yake, taku ɗari biyu daga ƙofata. Shekararsa tamanin da ɗaya, idonsa ya tafi. Kowace safiya nakan kai masa ruwan zafi, ran Alhamis in yi masa aski, don ba ya yarda wani ya taɓa kansa. Yanzu mashigar da kuka bari kilomita tara ce. Na gwada sau ɗaya, gwiwa ta kumbura, na yi kwana shida a kwance. In na tsaya jikin waya ina hango shi a kan dakali, gashi ya cika masa kai. Na kira, ƙarar injinku mai tura gas ta danne muryata. Makon jiya ya aiko mai sayar da ruwa ya tambaye ni laifin da ya yi mini. An gaya masa akwai shinge. Ya ce shi bai ga shinge ba, ya san dai ƙaninsa ya daina zuwa.

Gas ɗinku na tsallake iyakar ƙasa kullum, ba a tsayar da shi. Ban ƙi ba, Allah ya ba da kasuwa.

Ranka ya daɗe, ba diyya nake nema ba. Ina da abin yanka waya a cikin kayan aikina, ban taɓa muku ita ba. Na riga na yi ƙofa, faɗin mutum ɗaya da sandarsa, da kwaɗo da makulli biyu, ɗaya naku. Tana jingine a ɗakina tun 11 ga Afrilu. A aiko mai iko ya ba da izini, ni zan kafa ta. A hanzarta, yayana ba yaro ba ne.

Mutum goma kam ba ni da su. Amma a gyara littafin, na yi kuskure a ƙirga. A rubuta biyu: mai zuwa da mai jira.

Na gode, a huta lafiya.

Naka cikin girmamawa,
Kafinta, turke na 62.