Bakina da wayar Bitrus

Daren Alhamis, tsakiyar damina

Barci ya ƙi zuwa, kuma na san bakin nan nawa ne ya kore shi.

Ranar da ruwa ya ci gidajen bakin rafi a Rikoto, na iske jikana Bitrus a kan tudu yana ɗaukar hoto don jaridarsu, ga maƙwabciyata Rifkatu tana kokawa da buhunan dawa. Sai na ɗaga murya gaban jama'a: "Mijina, rumbu na faɗuwa kana kallo? Kakanka da ya yi wa iyayena noman golmo na neman aure kafin a ba shi ni, ba ya tsayuwar gayu. Sake ni kawai in huta!"

Aka kwashe da dariya. Wasan kaka da jika ne, amma yaron ya ji kunya, ya soka waya a aljihu ya faɗa ruwa. Ya fito da buhu biyu da akuya. Wayar ta sha ruwa ta mutu, hotuna duk sun tafi.

Yau motar agaji ta wuce mu ta nufi Danko. Wai ɓarnarsu aka gani a labarai, tamu ba wanda ya gani. Bitrus ya gaishe ni kamar kullum, ya wuce. Da ma ya yi mini faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Da yamma Rifkatu ta zo har da durƙusawa. "Mama, Allah ya saka miki, ke kika sa ya taimake mu."

Buhu biyu, gida cike da yara, girbi da nisa. Na ce amin, ina kallon ƙasa.