Ƙorafi Kan Neman Auren da Aka Ƙwace Mini a Ganuwar Kavonisi

Thanasis Vlahos,
Tsohon direban jirgin ƙasa,
Larisa.
14 ga Satumba, 2023.

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Majalisar Ƙauyen Kavonisi.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: Katsalandan da jama'arka suka yi mini ranar Lahadi, 10 ga Satumba.

Bayan gaisuwar ban girma, ina sanar da kai cewa na kawo ziyara ƙauyenku na bakin teku tare da maƙwabciyata, Malama Evanthia Ruso. Mijinta ya rasu, matata ma ta rasu, kuma niyyata in nemi aurenta a saman tsohuwar ganuwarku. Ƙorafina shi ne:

1. Na tambayi mai gadin ganuwa, Malam Stelios, inda ya fi shiru, kuma na gaya masa dalili a asirce. Ya dafa ƙirji ya rantse. Ashe matarsa ce mai gidan burodin ƙauyen, inda kowane labari ke bazuwa.

2. Mun hau matakala har ƙoli. Ina haki, ban ko kai hannu aljihu in ciro zoben neman auren ba, sai ƙararrawar cocin da ke ƙasa ta kama kaɗawa, jiragen masunta suka amsa da oda. Evanthia ta ɗauka gobara ce.

3. Matan ƙauyen suka hauro da faranti-faranti, suka rungume ta suna taya ta murna. Matar limamin coci ce ta tambaye ta ko ta amince ta aure ni, ita kuwa ta amsa mata tana dariya tana hawaye. Ina tsaye a gefe riƙe da jakarta.

4. An zarce da mu bakin ruwa, aka ɗura mana gasasshen kifi da giyar inabi, aka sa ni rawa da gwiwar da likita ya hana ni wahalarwa. Na yi rawar, har sau uku ma, amma wannan bai wanke kowa ba. Kufan tsohon haikalin da na haddace tarihinsa don in burge ta kuwa, ko inuwarsa ba mu gani ba.

Ranka ya daɗe, tun ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa, har waƙa nake yi wa tukunyar shayi. Sai dai Evanthia ta kafe cewa Kavonisi ta amsa wa, ba ni ba, kuma ba za a sa rana ba sai na tambaya da bakina a saman ganuwar. Shekaruna saba'in da ɗaya, ba ni da lokacin ɓatawa.

Don haka ina roƙon a rufe mana ganuwar na ɗan lokaci ranar Lahadi, 24 ga wata, a ɗaure igiyar ƙararrawa, a tura Malam Stelios kamun kifi. Na san amsar, har kuliyoyin ƙauyenku sun san ta. Ina so ne a faɗe ta ana kallon idona.

Ka huta lafiya.

Naka mai biyayya,
Thanasis Vlahos