Farar Hoda A Ƙarƙashin Fiffiken Jirgin Ɗana

Malama Hindatu, assalamu alaikum.

Ki taimake ni. Ban saba furta wannan kalma ba. Na haura shekara saba'in ban kai kukana gaban kowa ba sai Mahaliccina, amma yau ga ni a filinki.

Na koyar da ilimin sinadarai a makarantun 'yan mata, a gida da nan Riyad, har na yi ritaya. Tun rasuwar maigidana ni kaɗai nake zaune a Al-Nasiriya, ni ke yin cefanena, ni ke kai kaina asibiti. Ɗa ɗaya gare ni, Shakir, likitan haƙori, mai mata da 'ya'ya uku. Tun yana ƙarami hankalinsa na kan jirgin sama. Da ya samu hali ya koyi tuƙi ya karɓi lasisi, ban hana shi ba. Yanzu ya ƙudura sayen wani ƙaramin jirgi mai kujera huɗu, wanda aka ƙera tun kafin a haife shi. Mai jirgin shi ne dattijon da ya mallaki asibitin da yake aiki, wato kafilinsa, wanda ya tsaya masa ya samu izinin zama a ƙasar nan. Iƙamata kuwa, wato takardar izinin zamana, tana rataye da ta Shakir, abin da har yau ban gama haɗiyewa ba.

Dattijon ya gayyace mu wani filin ƙananan jirage a wajen gari, ya karrama mu da gahawa da dabino da rago a kan shinkafa. Jirgin na cikin rumfa, sabon fenti sai ƙyalli yake. Cikin hira ya ba mu labarin shekarun da ya yi yana shawagi da shi a gaɓar teku, kafin idonsa ya yi rauni ya dawo da shi nan ya lulluɓe da tamfol. Da maza suka tafi salla sai na zagaya, na durƙusa da waɗannan gwiwoyi nawa, na shafa ƙarƙashin fiffike. Fentin ya kumbura a gefen ƙusoshi, kuma wata farar hoda ta biyo yatsana. Malama, alminiyam da ake ƙera jirgi da shi ba ya yin jar tsatsa irin ta ƙarfe. Idan iskar gishiri ta ci shi, hoda yake komawa. Ban san zurfin cin ba, ban kuma ce ni injiniya ce ba. Na dai san abin da na taɓa.

Na ce wa Shakir ya kawo injiniyan da ba na dattijon ba, ya buɗe jirgin ya duba. Ya ce makanikin dattijon ya tabbatar da lafiyarsa. Ya ce ya ci abincin mutumin nan, sun yi musafaha, har ya kira shi ɗansa a gaban jama'a. Kawo baƙo ya kwance masa jirgi daidai yake da kiransa maƙaryaci, kuma in tuna a hannun wa zamanmu yake. Na ce to, in haka ne, ni ce zan fara hawa tare da shi. Na ɗauka zai tsorata. Washegari ya zo mini da abin kunne irin na matuƙa, ya sumbaci goshina, ya ce ni zan fara hawa, daga ni sai yaransa.

Duk rayuwata na raina iyayen da ke juya 'ya'yansu da "ban yafe ba". Da hujja na rene shi, ina alfahari da haka. Yanzu kalmar nan ce a bakina duk sallar da na idar. Na san idan na furta zai fasa, na kuma san ba zai sake kallona da idon da ya saba ba. In furta? Ko in je wurin dattijon da kaina? An kusa miƙa masa mabuɗi, abinci ma ba ya shigar mini.

Tsohuwar Malama, Al-Nasiriya

Wa alaikumus salam, Hajiya.

Kada ki furta. Za ta hana shi wannan jirgi, amma na gaba ba zai gaya miki ba. Kada kuma ki je wurin kafilinsa ba da saninsa ba. Za ki mayar da magidanci yaro a wurin aikinsa.

A kan binciken kuwa, gaskiya na wajenki. Shaidar makanikin mai sayarwa ba ta wadatar, ko da mutumin kirki ne. Sai injiniya mai lasisi, wanda ba ya cin abinci a hannun kowannensu, ya buɗe murafun fiffike ya ga ƙashinsa, ya duba wutsiya da tankin mai, ya leƙa cikin injin da ya daɗe bai tashi ba. Mai yiwuwa cin bai wuce sama ba, a kankare a gyara. Mai yiwuwa ya kai ciki. Yatsa ba ya raba wannan gardama.

Shi ma Shakir ba wauta yake yi ba, kunyar wanda ya kyautata masa ce ta ɗaure shi. Ki nuna masa mafita: ya je a matsayin ɗan da aka kira shi, ya ce yara za su hau kuma hankalin mahaifiyarsa bai kwanta ba, ya roƙi dattijon a yi binciken a gabansa. Wanda ya tuƙa jirgi ya san wannan al'adar sana'ar ce, kuma mutumin da idonsa ya yi rauni wataƙila bai taɓa ganin hodar ba. Idan ya ƙi, Shakir ya ji amsarsa, sai ya janye cikin ladabi.

Saura ke, Hajiya. Kin ba ɗanki darasin sinadarai, kin ƙalubalance shi, amma ban ga inda kika ce masa kina jin tsoro ba. Ni baƙuwa kin iya ce mini in taimake ki. Ki kira shi, ki mayar masa da abin kunnen, ki ce za ki karɓa ranar da injiniya ya sa hannu. Sannan ki gaya masa abin da kika gaya mini, har da abincin da ba ya shiga.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya tsare Shakir da zuriyarsa a sama da ƙasa.