Ɓargon Auta

Maigida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya fama da yara? Mama na gaishe ka.

Sakamakon gwaji ya fito, ba ni aka zaɓa ba. Ɓargon ƙanwata Auta za a dasa wa Mama. Wata takwas ina kan kujerar robar asibitin nan, ni ce wanka, ni ce kwasar amai, ita kuwa sai dai ta bugo waya ta ce ya jiki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na tsare likita sai da ya zana min a bayan takardar magani. Wai a jini akwai wasu ƙwayoyi makasa da ke girma a ɓargo. Kowace na da abin shinshinawa da ake gada daga iyaye, tun tana ƙarama take koyon ƙanshin ’yan gida don kada ta taɓa su. Sankarar Mama kuwa ƙanshin Mama gare ta. Nawa makasan irin na Mama ne, za su ga cutar su gaishe ta su wuce. Auta ta wajen Baba ta kwaso nata, su ba sani ba sabo, kashe cutar za su yi.

Ka ji fa, kamannina da Mama da nake taƙama da su ne suka kayar da ni. Likita ya ce in na Auta bai kama ba, za a dawo kaina.

Taka,
Uwar ’yan biyu

Maigida,

Ina gaisuwa, da fatan tarin Hassan ya lafa.

An yi dashen. Kwana uku Auta ta yi, ta koma wurin aikinta, Mama kuwa duk wanda ya leƙo sai ta ba shi labarin jarumtar Autarta. Ni da ke riƙe mata kofin ruwa ko kallo.

Jiya likita ya shigo yana murmushi. Ɓargon ya kama, sababbin makasan sun fara tasowa. Na fashe da kuka, Mama ta shafa kaina ta ce kukan daɗi ne.

Kai kaɗai zan faɗa wa. Kwana goma sha tara ina roƙa mata lafiya da baki, amma duk safiya in aka zo ɗibar jininta, sai na ji ina fatan a ce bai kama ba, a kira ni. Uwata ce fa.

Ka roƙa min gafara, ni na kasa ɗaga hannu.

Taka,
Uwar ’yan biyu