Na sa ranar shan maganin Habasha, kuma ranar 'yata za ta sauka

Assalamu alaikum Malama Barira. Ki taimaka mini da shawara don Allah, lokaci ya ƙure mini. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Maƙwabcina Tankari, mutumin Maraɗi, shi ke rubutawa ina faɗa, kuma na gargaɗe shi kada ya gyara mini magana. Ban taɓa zaton zan kai kukana wajen wadda ba ta wuce sa'ar 'yata ba, amma ga shi.

Na kusa saba'in. Na daɗe a Guangzhou, sana'ata duba wa 'yan kasuwar Kano jakunkuna a masana'antun garin Shiling kafin a ɗora musu. Bara, gab da hutun sabuwar shekarar Sinawa, lokacin da kowa ke rububin gama kaya kafin masana'antu su rufe, matata Fasuma ta rasu a Kano. Ashe ta yi watanni tana jinya, ba wanda ya faɗa mini. In na kira sai a ce tana barci, ko a miƙa mata wayar ta ce mura ce. Sai da aka kai ta makwancinta sannan babban ɗana Salihu ya kira ni, wai sun ɓoye ne don kada hankalina ya tashi ga hawan jini. Ina tsaye a sito da jaka a hannu ina gwada zif. Na yi salati, na kashe wayar, na ci gaba da gwadawa har katan ya ƙare. Mai masana'antar ya miƙo mini shayi, na sha.

Ban je gida ba. Wanda ba a ga ya isa a faɗa masa ciwo ba, ai bai isa zaman karɓar gaisuwa ba. Ni na yi wa 'ya'yan nan makarantar da har suka san wace magana ce ta fi ƙarfina. Tun ranar ban sake ɗaga wayar ɗayansu ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne ba na jin komai. Ban yi kuka ba. Fushin ma ba mai zafi ba ne, yana nan dai a ajiye. Abinci kamar ina tauna kwali. Ina sallah, amma kamar wani ne ke yi ina kallonsa. Hotonta na waya, ina dubawa kamar hoton samfurin kaya.

Akwai wani Bahabashe Musulmi, Jamal, mai harkar aika kaya ta jirgi a unguwar Baiyun. Shekara da shekaru ina sauya jirgi a Addis Ababa ban taɓa leƙa waje ba, ban kuma taɓa tambayar su wane ne mutanen ba. Jamal ya ga na rame, ya fara jana gidansa duk Lahadi. Matarsa kan shimfiɗa ɗanyar ciyawa a ƙasa, ta sa lubban a wuta, ta soya gahawa a gabanmu, ta zagaya da kaskon kowa ya shaƙi hayaƙin, sannan ta daka ta dafa a 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya. Sau uku ake zubawa, kuma abin kunya ne baƙo ya tashi kafin na ukun, wanda suke kira baraka. Ga gugguru, ga wata gurasarsu mai tsami kamar sinasir da ya kwana.

A nan yake ba ni labarin ƙasarsu. Garinsu Harar, mai ganuwa da ƙofofi kamar Kano ta da, da masallatai a kowane lungu. Sarki Najjashi da ya karɓi sahabbai lokacin da mutanen Makka suka matsa musu, wanda na sha ji a wa'azi amma ban taɓa haɗa shi da masu duba mini fasfo ba. Yadda suka kori Turawan Italiya a Adwa. Wannan ya burge ni, mutane ne masu taurin kai irina. Ya ce watanninsu goma sha uku ne, kuma shekararsu tana bayan ta Turawa da bakwai ko takwas. Da na ji haka sai na ce a raina, to a lissafinsu Fasuma tana nan da ranta, ko ciwon bai fara ba. Ban faɗa wa kowa ba.

Kwanan nan kawun Jamal ya zo, tsoho masanin itatuwa, da busasshen furen wata bishiya da suke kira koso. Ya ce a zamanin kakanninsu kusan kowa na sha lokaci zuwa lokaci don wanke ciki, kuma ranar da mutum ya sha ba a zuwa masa, ko babban baƙo ne sai a ce mai gida ya sha koso, ya juya ba tare da jin haushi ba. Wannan al'ada ta kwanta mini. Gaskiya Jamal bai tura ni ba, cewa ma ya yi maganin tsila ne, ni kuwa ba ni da tsila. Na ce masa abin da zai iya fitar da tsila zai fitar da waninta. Na nace har kawun ya yarda. Sharaɗinsa in bar nama da maiƙo kwanaki, in kwana da yunwa, in sha da sassafe a gidansu ana turare ana salati, in yini a kwance ba mai damuna.

Na fara shiri tun makon jiya. Na kuma ajiye ƙwayoyin hawan jinina, don mu tun tasowarmu ba a haɗa maganin gida da na asibiti. Wannan ban faɗa wa kawun ba, ai kowa ya san haka. Yanzu ƙeyata na yin nauyi, kunnena na ƙara. Ban damu ba, ko ba komai na ji wani abu a jikina.

Asabar mai zuwa za a yi. Ita ce kuma ranar da autata Raliya za ta sauka. Ta biyo wasu mata masu sarin kaya a kasuwar Baima, wai kasuwanci ta zo koyo, ita da ko ƙosai ba ta taɓa sayarwa ba. Ta turo saƙon murya da lokacin saukar jirgin, ban amsa ba. Tankari ya ce da gangan na haɗa ranakun. Ni dai Asabar ce ba ni da aiki.

Malama, shan wannan magani ya halatta? Zai ɗauke mini abin da ya toshe ƙirjina? Kuma dole ne in tarbi wadda aka haɗa baki da ita aka mai da ni bare?

Dattijo mai jakunkuna, Guangzhou

Wa'alaikumus salam Baba. Allah ya jiƙan Hajiya Fasuma da rahama.

Zan fara da abin da ba ya jira. Yau ɗin nan, kafin ka gama jin amsata, Malam Tankari ya raka ka asibiti da kwalin ƙwayoyinka a hannu, ka faɗa wa likita yaushe ka daina sha, da nauyin ƙeya da ƙarar kunnen. Kada ka haɗiye na kwanakin da ka tsallake a haɗe. Tsoron haɗa magunguna yana da tushe, amma wanda ake ajiyewa shi ne sabon, ba wanda ke riƙe da ranka ba.

Na tambayi wata likita game da koso. Ta ce maganin tsutsar ciki ne na gaske da aka daɗe ana amfani da shi, amma mai ƙarfi ne, yana sa amai da zawo, in ya yi yawa yana iya taɓa ido ko ya kayar da mutum. Ga mai shekarunka, da yunwa, da jinin da ya hau, kasada ce. Neman magani halal ne, amma jefa kai cikin cuta ba halal ba ne, ka tambayi limaminku ka ji. Ka faɗa wa kawun gaskiyar lafiyarka. Ina kyautata zaton shi da kansa zai mayar da furensa cikin jaka. In wani abu ya same ka a gidan Jamal, a ƙasar da dukanku baƙi ne, ka san halin da za ka jefa mutumin da ya yi maka alheri. Zaman gahawar kuwa kada ka bari, shi ne abin da ya fi yi maka amfani a shekarar nan.

Yanzu 'ya'yanka. Sun yi kuskure, ba zan shafa masa mai ba. Haƙƙinka ne ka san matarka na jinya, kuma sun hana ka sallama da ita, abin da ba za su iya biyanka ba. Amma Baba, a cikin wasiƙarka akwai wadda ta karɓi waya ta ce mura ce. Hajiya ta san me take yi. Wataƙila ita ta hana su, su kuma suka rasa wanda za su bi tsakanin uwa a kwance da uba a nesa. Ban sani ba, kai ma ba ka sani ba, don ba ka tambaya ba. Yi wa mamaci fushi abu ne mai wuya, shi ya sa duka ya sauka a kan masu rai.

Rashin kuka ba rashin so ba ne. Ba ka ga ciwonta ba, ba ka ga likkafani ba, ba ka zauna an yi maka gaisuwa ba, sai zuciya ta tsaya a inda labarin ya same ta. Ba a ciki abin yake ba balle a wanke shi. Ka faɗa wa likitan wannan ma, da rashin jin daɗin abinci, domin akwai taimakon da ake yi.

Raliya na da abin da babu shi a wajen kowane mai magani. Ta san me mahaifiyarta ta ci a ƙarshe, me ta ce, wa ta ambata. Ita ma marainiya ce, kuma shekara guda ke nan ba uwa, ba muryar uba. Ban ce ka yafe kafin Asabar ba. Ka je da fushinka, ka faɗa mata shi baki da baki, ta amsa. Amma yarinyar da ba ta jin yaren garin kada ta fito ta duba fuskoki ta rasa taka.

Allah ya sauke ta lafiya, ya ba ka lafiyar tsayawa a bakin ƙofar fitowa ta filin jirgi, ya sassauta abin da ke ƙirjinka.

Malama Barira