Shatin Yatsa a Kan Tsabar Baba

Zuwa ga ƙanena Sjoerd,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Marama da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa wa gonar taka albarka. Mu a nan Deventer muna nan yadda ka san mu. Ruwan sama ya ƙi ɗaukewa tun farkon kaka. Gwiwar maigidana Ruurd ta sake tashi, likita ya hana shi hawan keke, amma ko a jikinsa. 'Yarmu Femke ta samu ɗaki a garin Groningen, sai kayan wankinta sun taru muke ganinta. Ni kuwa na gaji, Sjoerd, ba zan ɓoye maka ba. Daga wurin aiki sai gidan Baba, daga can in dawo in zube kan kujera ko takalmi ban cire ba.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro maimakon waya, don a waya ka iya mayar da komai wasa, ka ce mini sai bazara mai zuwa. Ina so ka zo bana, kafin Kirsimeti, tun yana gane mutane.

Ka san ɗakinsa na sama da tsabar kuɗin nan tasa masu ƙyalli kamar madubi, waɗanda aka buga don ajiya kawai, ba su taɓa shiga aljihun kowa ba. Har yanzu bayan kofin safe sai ya hau ya ɗauke su hoto, waɗanda ya ɗauka jiya ma ya sake ɗauka. Hannunsa yana rawa, don haka ni ke riƙe masa baƙin kwalin nan mai huda da yake ɓoye kyamara a bayansa, kada ta fito a cikin ƙyallin. Faɗa kuwa ina shan shi. Wai riƙon nawa na mai tallan cuku ne, wai in kau da bakina don numfashina ma ɓata azurfa yake yi. Ga ni da furfura ana yi mini tsawa a kan kwali, amma ina jin daɗin faɗan, don a lokacin ne nake ganin Baban da muka sani.

Ranar Talata na shigo masa da miyar wake, na tarar da shi bakin taga, ba safar hannun da ya saba sawa in zai taɓa tsaba, da tsabar gulden ɗin nan, tsohon kuɗin ƙasarmu mai kan tsohuwar sarauniya, a tafin hannunsa. Murza ta yake yi da babban yatsa yana murmushi. Na jira ya tashi na mayar da ita mazauninta. Da tsoho Harmen, abokinsa na ƙungiyar masu tara tsaba, ya zo, na ja shi gefe na nuna masa. Ya ce maiƙon yatsa idan ya kwana a kan irin wannan to ya zauna ke nan, gogewa kuwa sai ta ƙara ɓarna. Ya ce duk zamansu bai taɓa ganin fatar hannun Baba kusa da tsaba ba, har tsokanarsa suke yi wai da safa aka haife shi. Daga nan ya tafi ko kofinsa bai shanye ba.

Jiya Baba ya ɗauko ta da kansa, da safarsa fara sol, ya gyara fitila ya ɗauka. Hoton ya fito tar a kwamfuta, ga shatin yatsa ɓaro-ɓaro a gefen fuskar sarauniya. Ya daɗe yana kallo, na ɗauka ya gane shatin nasa ne. Sai ya bugi tebur ya ce aikinka ne. Wai wannan ja'irin yaron Sjoerd ba ya jin magana, ya sha hana shi shiga ɗakin nan da hannun man gyaɗa, in leƙa lambu in kira ka yanzu yanzu. Na ce masa ka tafi makaranta. Ya ce to zai jira, ya ja kujera ya zauna yana fuskantar ƙofa, abincin rana ma ya ce sai ka dawo ku ci tare.

Ka gai da Marama da kyau, ka shafa mini kan Tjalling da Aroha. Ruurd da Femke suna gaishe ku, Gwaggo Aukje ma ta ce in gaishe ka. Yau da safe Baba ya sake tambaya ko ka dawo, kuma ba faɗa a muryarsa. Na rasa abin da zan ce masa gobe.

Yayarka,
Wietske