Injin Oluwatoyin Ya Cinye Furen Yayata

Malama Ummukulthum, ki taimake ni tun ban je na yi abin da zai kai mu gaban hukuma ba. Kuma don Allah kada ki ce in yi haƙuri kamar yadda kike gaya wa kowa a filin nan, haƙuri ba ya miƙar da layi.

Ni ɗan Bagudo ne. Ba wanda ya koya mini zane a waya, da karance-karance da kallon bidiyo na koya wa kaina. Yayata Safina mai ƙunshi ce, daga Kaoje har Lafagu hannunta mata ke nema. Wata 'yar kasuwa, Hajiya Mariya, da ke ƙetarowa daga Segbana ta ƙasar Benin ta iyakar Tsamiya, ta ce a maida mata zanen Safina sitikar lalle, irin wadda mace ke mannawa a hannu ta shafa lalle a kai ta ɓare, za ta kai wa matan can kafin Sallah. Na ce aikin nawa ne.

Na ɗauki hoton zanen, na zuƙo shi har ina ganin gashin takarda, na bi layin a manhajar zane ina dasa ɗigo bayan ɗigo, ko 'yar rawar da biro ya yi ban tsallake ba. Sai na kai wa Oluwatoyin, shi ke da injin yankan sitika a kusa da mu. Wanga mutum ya saka zanen a injin, wuƙar injin ta kama kyarma kamar mai zazzaɓi, robar sitikar ta yage, tsakiyar kowane fure ta faɗo, sai ramuka kamar ɓera ya ci. A gaban 'yan kabu-kabu ya ɗaga robar yana dariya, wai sawun kaza na kawo masa, ba zai sake sa wuƙarsa a aikina ba. Ni na tabbata wuƙar tasa ce ta dakushe yake ɗora mini, ko kuma aikin yake so ya ƙwace.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Safina ta kwashe takardunta ta ce in ban gyara ba kafin Hajiya ta dawo, wani Saifuddeen na Kamba za ta aika wa. Yayata, ciki ɗaya! Mi zan yi? In kuma ba ki san zane ba ki faɗa, kada ki ɓata mini lokaci.

Wanda aka yi wa dariya, Bagudo

*

Ƙanena, ba zan ce ka yi haƙuri ba, zan ce ka goge ɗigo.

Oluwatoyin bai kyauta ba da ya kunyata ka a gaban mutane. Amma wuƙarsa ba ta yi maka ƙarya ba. Kowane ɗigo da ka sa, wuri ne da za ta tsaya ta juya, shi ya sa take kyarma. Rawar biro ba ta cikin zanen Safina, ita kanta da so samu ne da ba ta yi ta ba. Ka rage zuƙowa, ka dusashe hoton, ka kulle shi a ƙasa, ka yi layinka a sabon shafi a kansa. Ɗigo sai a bakin ganye, da kusurwa, da ƙololuwar lanƙwasa. Sauran ka ja 'yan hannuwan da manhajar ke fitarwa a gefen kowane ɗigo su lanƙwasa maka. Inda layi ya ƙi, ka gyara hannun, kada ka ƙara ɗigo.

Ramukan kuwa aikinka ne, ko sabon inji aka sauke yau haka zai yi. A sitikar lalle, abin da ka zana shi ake yankewa don lalle ya shiga. In ka zagaye fure ka rufe, to me zai riƙe tsakiyarsa? Dole ka bar 'yan gadoji, wato ƙananan wurare da layin zai katse. Ka zauna da Safina ta nuna maka inda za ta yarda a katse, furenta ne.

Ka gyara fure ɗaya kawai. Ka je shagon lokacin da ba jama'a, ka gaishe shi, ka tambaye shi mafi sirantar layin da wuƙarsa ke iya yanka, ka roƙi a gwada a guntun roba. Zagin da ka tanada ka bar shi a gida, kai da bakinka ka ce injinsa ne kawai a kusa.

Game da yayarka: da Kamba take so, da tuni takardun sun shiga mota. Wa'adi ta ba ka. Ranar da tsakiyar furen ta tsaya, ka manna mata shi a hannu, ka shafa lalle, ka jira ya kama.

Allah ya sa wa hannunka albarka, ya kai mu Sallah lafiya.

Ummukulthum